Oga, za su bar ni in hau jirgi da allura da almakashi?

Na ga saƙonka, wai tunda 'yar jakar hannu kawai za ka riƙe zuwa Legas kai kayan angon nan, ko za su bar ka ka shiga jirgi da kayan aiki saboda gyaran da zai iya tasowa bayan ya gwada. Toh ka yi kyau da ka tambaya tun yanzu ba sai kana kan layi ba.

Allura ba ita ce matsalar ba, su masu bincike a filin jirgi abin da idonsu ke kai shi ne duk wani abu mai kaifi da zai yi yanka. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka matse wannan harka a duk duniya. A dokar Ingila allurar ɗinki da tsinken saƙa suna wucewa a jakar hannu, almakashi ma yana wucewa in bakinsa bai haura santimita 6 ba, a Amurka kuma ƙasa da inci 4, kuma daga kusar tsakiya ake aunawa zuwa tsini, ba daga mariƙi ba. Juya tef ɗinka ka duba, santimita 6 ko inci 2 da rabi bai cika ba. To ina namu na yanka mai inci 10? Wannan ko a mafarki. Kuma kar ka ce za ka tsaya kana karanta wa ma'aikacin tsaro na FAAN, hukumar filayen jiragen sama ta Najeriya, dokar Ingila, mutumin da ke gaban na'ura shi ke da maganar ƙarshe, in ya ce a'a shikenan, ko dai ka bar musu ko ka koma kanta a sa maka a kayan da ke tafiya ƙarƙashin jirgi, lokaci kuma na tafiya. Don haka almakashin shago ya kwana a shago, wlh ban yarda ka fita min da shi ba.

Abin da ya fi damuna reza ce. Mu teloli reza ta zama mana kamar wani ɓangaren jiki, akwai a aljihun gaba, akwai a walat, wani ma a bayan kondon waya yake saƙale rabinta ya manta shekara guda, kai kanka na sha ganinka da ita a baki kana farke kafaɗa. Reza tsirara ba ta wucewa ko ina, kuma na'ura na nuna ta ƙarara. Daren tafiya ka zazzage jakar nan kaf a kan tabarma, ka laluba kowane zif, ka cire kondon wayar ka duba. Haka allurar da kake sokewa a hula ko wuyan riga, cire ta, kar a zo ana shafa jikinka ta soki hannun mutum ka jawo wa kanka magana a banza.

Ka ɗauki allura uku ko huɗu, ka zura musu zare tun daga nan, kalar shaddar da kalar aikin wuyan, ka soke su a ƙyalle ka naɗe ka sa a 'yar roba mai murfi wadda ake ganin ciki. Tef, alli, maɓallai na safaya, fil kaɗan a robar. Yanke zare kuma abin yankan farce ya ishe ka, ka samo wanda ba shi da 'yar wuƙar nan a jiki. Dan Allah banda haƙori, yawu na barin tabo a farar shadda kuma angon na kallonka.

Man keke, gam, sitatin fesawa duk bar su. Ruwa-ruwa a mafi yawan filayen jirgi ƙa'idarsa mililita 100 ce tun 2006, kuma me za ka yi da man keke ba keke?

Ni a ganina ma gyaran tun a nan Kaduna ake rage shi. Ƙafar wandon kar ka take ta da keke, ka yi kalmasar da dogon ɗinkin hannu wanda da ka ja bakin zaren zai zare, in ya gwada ka ga tsawon sai ka kama a can, ka ga ba farka ba yanka. In kuma abin ya kai sai an yanka yadi, Legas ce fa, ka shiga Balogun ko Idumota ka sayi almakashi mai araha, ko ka yi sallama a shagon tela mafi kusa, da wuya ka rasa ɗan Arewa da zai ara maka teburi na minti goma. Wanda ka saya ɗin ka bar shi can, don a dawowa ma binciken ɗaya ne.

Kayan angon su kam a hannunka, kar ka bari su rabu da kai, sai dai ka duba tikitinka ka ga kilo nawa aka yarda, galibi 7 ne, babbar riga mai aiki da 'yar ciki da wando nauyi gare su. Gobe da safe ka biya Kasuwar Barci ka karɓo hular, ka zo da jakar shago mu ɗora ta a sikeli.