Amsa ga mai son yin digiri na biyu a kan mutanen Taiwan

Salamu alaikum, 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya turo tambaya jiya da dare, ya ce yana so ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan tarihi da zamantakewa da siyasar mutanen Taiwan, yana neman ta inda zai kama. To ƙanena, Allah ya yi maka albarka, fage ne mai kyau kuma masu yinsa a wajenmu ba su da yawa. Amma taken nan, yadda ka faɗe shi, ya fi ƙarfin kundi ɗaya. Dole ka zaɓi zamani guda, kuma abin da zai zaɓa maka zamanin shi ne harshen da za ka iya karantawa.

Ga dalili. Tsibirin nan hannu da yawa ya riƙe shi, kowane hannu kuma da harshen da ya ajiye takardunsa. Kamfanin kasuwancin Holan ya zauna a kudu, wajen Tainan ta yau, daga 1624 zuwa 1662, takardunsa da tsohon Holanci suke, mafi yawansu a ma'ajiyar ƙasa da ke Hague. Sifaniyawa sun riƙe arewa daga 1626 zuwa 1642. Zheng Chenggong, wanda Turawa ke kira Koxinga, ya kori Holan a 1662. Daular Qing ta ƙasar Sin ta karɓa a 1683 ta riƙe har 1895, takardunta da tsohon Sinanci na fada, wanda ko ɗan Sin na yau sai ya koya. Daga 1895, bayan yarjejeniyar Shimonoseki, Japan ta yi shekara 50. Sai gwamnatin Kuomintang, jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Sin, daga 1945. Idan Ingilishi kaɗai gare ka, ka tsaya daga 1945 zuwa yau, ko ma daga 1987, shekarar da aka ɗage dokar soja. Idan ka ce sai zamanin Japan, ka sani sai ka koyi Japananci, kuma irin na ofis na wancan lokacin.

Shi ma Sinancin akwai abin lura. A Taiwan tsofaffin haruffa cikakku ake rubutawa, a ƙasar Sin kuwa waɗanda aka sauƙaƙa. Cibiyoyin Confucius da ke Jami'ar Legas da ta Awka sauƙaƙaƙƙun suke koyarwa. Za su yi maka amfani, amma tun farko ka riƙa haɗawa da karanta cikakkun, in ba haka ba ranar da ka buɗe takardar ma'ajiya sai ka ga kamar ba ka taɓa shiga aji ba.

Yanzu bari in tsaya a kan kurakurai biyu da ke ɓata aiki tun kafin a je ga hujja. Na farko lissafin shekara. Takardun gwamnati a Taiwan har gobe da shekarar Jamhuriyar Sin suke aiki, wadda ta fara daga 1912. Ƙa'idar ita ce ka ƙara 1911. Ka ga an rubuta shekara ta 36, to 1947 ke nan. Shekara ta 76, 1987. Takardun Japan kuma da shekarun sarauta suke: Meiji ka ƙara 1867, Taisho ka ƙara 1911, Showa ka ƙara 1925. Ga inda ake faɗawa rami: shekara ta 20 a lissafin Jamhuriya 1931 ce, amma Showa ta 20 ita ce 1945. Tazarar shekara 14 ke nan, kuma lamba ɗaya ce a kan takarda. Saboda haka a littafin da kake ɗaukar bayani ka ware layi uku: shekarar kamar yadda aka rubuta ta, wane lissafi ne, sannan ta Miladiyya. Kada ka juya ta a ka ka rubuta sakamakon kawai, domin in kuskure ya shiga ba ka da hanyar gano shi.

Na biyu sunaye. Birnin Kaohsiung za ka same shi a matsayin Gaoxiong a rubutun masu bin tsarin Pinyin na rubuta Sinanci da haruffan boko, Takao a takardun Japan, Takow a na Turawan ƙarni na 19. Taipei Taihoku ce a zamanin Japan. Chiang Kai-shek, jagoran Kuomintang, shi ne Jiang Jieshi, shi ne kuma Jiang Zhongzheng. Daga 1940 Japan ta riƙa kwaɗaita wa mutane ɗaukar sunayen Japanawa, Lee Teng-hui, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ma ya yi amfani da sunan Iwasato Masao yana saurayi. Wanda ya nemi suna da rubutu ɗaya kawai a manhajar laburare zai rasa rabin abin da aka rubuta. Ka yi jadawali, kowane mutum da kowane gari ka sa harafinsa na Sinanci a gefe, da shi za ka riƙa nema.

Ina takardun suke? Na ofishin Gwamna Janar na Japan suna ma'ajiyar Taiwan Historica da ke Nantou, an ɗauki hoton da yawa an sa a intanet. Takardun fadar shugaban ƙasa da na Chiang suna Academia Historica a Taipei. Na sojoji da 'yan sanda da kotunan soja suna hukumar ma'ajiyar ƙasa da aka kafa a 2001, kuma dokar takardun siyasa ta 2019 ta ƙara buɗe su. A Academia Sinica, babbar cibiyar bincike ta ƙasa, akwai Cibiyar Tarihin Taiwan, mai tarin littattafan tunawa na yau da kullum da takardun iyalai. Kafin duk wannan ka shiga rumbun kundayen digiri na Babban Laburaren Ƙasa, kyauta ne, kundaye da yawa suna da taƙaitawa da Ingilishi. A nan za ka ga ko an riga ka.

To, abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne wannan: kowace gwamnati da yadda ta ƙirga mutane, kuma da abin da take nema da ƙirgar. Japan ta yi ƙidaya a Taiwan a 1905, shekara 15 kafin ta yi a cikin gidanta, aka samu mutum kusan miliyan 3. Rajistar gidaje da 'yan sanda ke riƙewa ta rubuta komai, aure, saki, ɗaukar riƙo, har da ko mace an ɗaure mata ƙafa, ko mutum yana shan ofiyom, da kuma jinsinsa: asalin Fujian, asalin Guangdong, ɗan ƙasa na fili, ɗan ƙasa na dutse. Masana irin su Arthur Wolf sun gina bincike mai zurfi a kan aure da iyali daga rajistar nan. Amma ɗan sanda ne ya cika gurbin, kuma yaro jinsin ubansa ake ba shi, don haka duk gaurayen da ya biyo ta uwa ya ɓace a lissafi. Duk da haka alamar nan ta ɗan ƙasa na fili ita ce hujjar da mutanen Siraya, ɗaya daga cikin ƙabilun fili, suka riƙe, har kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2022 cewa suna da haƙƙin a amince da su. Lokacin ƙabilu 16 ne gwamnati ta amince da su a matsayin 'yan asali. Bayan 1945 kuma aka koma rubuta lardin asalin uba a katin shaida, abin da ya raba 'yan gida da waɗanda suka zo tare da Kuomintang, sai a 1992 aka cire. Ke nan in ka ga an ce Hoklo, masu asali daga Fujian, kusan kashi 70, Hakka, galibi masu asali daga Guangdong, tsakanin 15 da 20, ka sani daga binciken jin ra'ayi aka samo, ba ƙidaya ba ce, ka kuma faɗi hakan a kundinka.

Ɗauki misalin abin da ya faru a Fabrairun 1947, wanda suke kira 228, wato 28 ga wata na biyu. Ranar 27 ga wata jami'an hukumar taba suka bugi wata bazawara mai sayar da sigari a Taipei, suka harbe wani daga cikin mutanen da suka taru. Washegari gari ya tashi, tarzoma ta bazu tsibirin. Gwamna Chen Yi ya ja tattaunawa, sojoji suka sauka a Keelung a farkon Maris, aka shiga kashe lauyoyi da likitoci da 'yan jarida da ɗalibai. Mutum nawa suka mutu? Rahoton da gwamnati ta sa masana suka fitar a 1992 ya kawo ƙiyasin 18,000 zuwa 28,000, kuma lissafi ne daga giɓin da aka gani a alƙaluman yawan jama'a. Waɗanda aka tabbatar da mutuwarsu ko ɓatansu a tsarin biyan diyya kuwa ba su kai dubu ba. Duka biyun ka kawo, ka bayyana yadda aka samo kowanne. Diyya tana buƙatar dangi mai rai da shaida, alhali an yi shekara 40 ba mai iya ambaton lamarin, domin dokar ta-ɓaci ta soja ta zauna daga Mayun 1949 zuwa Yulin 1987. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai bincike ya ɗauki lambar da ta dace da ra'ayinsa ya yi shiru a kan ɗayar. Rayukan mutane ne, ba a yi musu haka.

Haka fayilolin kotun soja na shekarun 1950. Za ka ga furuci da sa hannu, tsaf-tsaf. Da yawa da azaba aka karɓe su. Fayil yana gaya maka abin da hukuma ta so a rubuta, sai ka aza shi kusa da hirarrakin waɗanda suka tsira daga kurkukun Green Island da na Jingmei, waɗanda Gidan Tarihin Haƙƙin Ɗan Adam da Academia Sinica suka tattara. Ita ma hirar da aka yi bayan shekara 40 tana da nata rauni, mutum kan haɗa abin da ya gani da abin da ya ji daga baya.

Idan siyasar yau kake so, aikin ya fi sauƙi daga gida. Cibiyar Nazarin Zaɓe ta Jami'ar Chengchi tana yin tambaya ɗaya tun 1992: kai ɗan Taiwan ne, ɗan Sin ne, ko duka biyu? A 1992 kashi 17.6 ne suka ce Taiwan kaɗai, a 2020 sun haura kashi 60. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce to duk waɗannan suna so a ayyana 'yanci gobe. Tambaya ce daban, mai zaɓi shida, kuma mafi yawa suna zaɓar a bar abu yadda yake. Ka kuma tuna a 1992 shekara 5 kacal da ɗage dokar soja, baƙo ya kira ka a waya yana tambayar siyasa, ba kowa zai buɗe ciki ba. Akwai kuma Taiwan Social Change Survey tun tsakiyar shekarun 1980, ana samun alƙalumansa bayan rajista. Sai Asian Barometer, mai mazauni a Jami'ar Ƙasa ta Taiwan, ɗan'uwan Afrobarometer ne, mai binciken jin ra'ayin jama'a a Afirka, wasu tambayoyinsu a kan dimokuraɗiyya sun yi kama, ana iya kwatanta Taiwan bayan zaɓen 1996 da Nijeriya bayan 1999. Sai dai ka duba lafazin tambayar da yawan zaɓin amsa sun zo ɗaya kafin ka jera lambobi.

Akwai wani ɓangare da kai ka fi ɗan Taipei kusa da takardunsa, wato hulɗa da Afirka. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijin a Fabrairun 1971, a Janairun 2017 kuma ta umarci ofishin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas. Nijar ta koma wa Taipei a 1992, ta sake juyawa Beijin a 1996. Chadi ta juya a 2006, Burkina Faso a 2018. Jaridun lokacin da Faransanci da Ingilishi suke. Me ya sa aka juya, wa ya yi magana a majalisa, me aka yi alkawari? Wannan kundi ne da za a iya gamawa cikin shekara biyu.

Maganar kuɗi, ma'aikatar harkokin wajensu tana da Taiwan Fellowship, wata 3 zuwa 12, amma ta fi karkata ga malamai da masu digiri na uku. Kai ka fara duba tallafin koyon harshe na Huayu, ka tambayi ofishinsu na Legas ko yana buɗe maka a bana. Ka kuma riƙa bin mujallar International Journal of Taiwan Studies, wadda ta fara fita a 2018.

Abin da za ka yi yanzu, ka rubuta shafi ɗaya: shekarun da ka zaɓa daga kaza zuwa kaza, tambaya guda, ma'ajiya ko alƙaluman da za su amsa ta, da harshen da suke ciki. Ka turo nan zaure mu duba tare kafin ka kai wa malamin da ke duba aikinka. Allah ya ba da sa'a, wassalam.