Tambayi Anti: Mai gidan hayarmu ya maida mu 'yan shara

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni ɗaliba ce ina aji 3, mu 6 ne muke haya a wani gida a Danbare nan Kano, kowacce da ɗakinta banɗaki biyu ne muke haɗawa. Sanda muka shigo kowa ta biya kuɗin shekara da kuma kuɗin koshon (ajiyar da mai gida ke riƙewa ko da an ɓata wani abu) N20,000, yanzu saura wata 2 hayarmu ta ƙare sai mai gidan ya aiko kiyateka wai sai mun sake fentin gidan gaba ɗaya, mun kira masu kwasar sokawe da kuɗinmu, mun yashe kwatar ƙofar gida, in ba haka ba koshon ya tafi. Kuma wlh Anti fentin nan tun muna shigowa yake ɓarewa. Abin da yafi ɓata min rai yana da sifiyar makulli, ranar nan muna lakca ya buɗe ɗakuna wai duba tsafta yake, har yana cewa zai sa kwaɗo in ya sake ganin kwanuka a tsakar gida. Yana da wannan ikon? Ƙanwarki daga Kano.

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata. Bari in fara da wanda bazai miki daɗi ba, kwanukan nan naku ne, ku wanke. Na zauna gidan haya na ɗalibai nasan yadda banɗakin mutum 6 yake komawa lokacin jarrabawa, kowa na jiran wata ta wanke har ya gagari shiga. Sharar ɗakinki, wankin banɗaki, zubar da bola, duk naku ne, ku rubuta ranar kowa ku manna a ƙofa. Kwatar ƙofar gida ma ni dai bazan tsaya jayayya a kanta ba tunda ruwan wankinku ne yake bi ta ciki, ga tsaftar muhalli da ake yi a Kano Asabar ɗin ƙarshen wata, ku fito ku gyara a wuce wurin.

Amma fenti da sokawe wata magana ce daban. Abin da ya lalace saboda tsufa da zaman yau da kullum, fenti ya koɗe, famfo ya gaji, silin ya yi tabon ruwan damina, wannan na mai gida ne sai dai in takardar yarjejeniya da kuka sa wa hannu ta faɗa ƙarara cewa ku zaku yi. Abin da ke kanku shine wanda kuka ɓata da hannunku, kin kafa ƙusa kin tsaga bango, hayaƙin risho ya baƙanta silin, kin fasa tayil ko gilashin taga. Ko a fiƙihu haka malamai suke cewa a babin ijara, ɗan haya amintacce ne, baya biyan abin da ya lalace sai in yayi ganganci ko sakaci. Sokawe kuma ramin da wataƙila tun kina sakandare ake cika shi, ta yaya za'a ce ku da kuka yi wata 10 ku kwashe shi ku kaɗai? In ya matsa kuma kuna son zaman lafiya to a raba kuɗin, kuma a rubuta.

Shi koshon ajiya ce kika bayar, ba ƙarin kuɗin haya ba ne. In zai cire wani abu sai ya nuna miki ga abin da kika ɓata ga kuɗin gyaransa, ya baki canjinki. Matsalar dai ɗalibai basa karɓar rasit, wasu ma dillali suke bawa kuɗin a hannu shikenan. Ki nemo rasit ɗinki ko alat ɗin banki in tiransifa kika yi, ki duba wayarki ko akwai tsofaffin hotuna da bangon ya fito a ciki, ko selfi ne zai yi aiki tunda akwai kwanan wata. Ranar tashi ku share ku wanke ku ɗauki bidiyon ko'ina, ku miƙa makulli a gaban shaida. Kuma daga yau maganarku da shi ta koma WhatsApp, in ya faɗa da baki ki tura masa saƙo cikin ladabi kice Baba kamar yadda kace ɗazu kaza da kaza, saboda ya zama akwai shaida.

Maganar buɗe ɗaki ita ce tafi damuna, balle ku mata ne. Tunda kin biya haya ɗakin nan gidanki ne har ranar da kuɗinki zai ƙare, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya kare sirrin mutum da gidansa, a addini kuma ai ba'a shiga ɗakin wani sai da izini. In yana son dubawa ya sanar daku tun da wuri, ya zo da rana kuna nan. Sa kwaɗo, cire ƙofa, yanke wuta ko watso kaya waje duk doka bata yarda ba ko da ana binki bashi ne, sai ya bada notis, in wa'adin ya cika ya ƙara notis na kwana 7 sannan ya tafi kotu, kotu ce kaɗai ke fitar da ɗan haya.

Kar ku fara da faɗa dai, dattijo ne kuma ku ke tsakiyar karatu. Ku haɗu ku 6 ku je da babban wani, yayan ɗaya daga cikinku ko kawu, in bai saurara ba ku kai wa mai unguwa, yawancin irin wannan anan take mutuwa don masu gidajen basa son sunansu ya ɓaci sabbin ɗalibai su guji gidan. In ta ƙi ci ta ƙi cinyewa akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai a makarantarku, akwai kuma hukumar Legal Aid da take taimakon marasa kuɗin lauya kyauta. Kafin nan ki sayi kwaɗonki ki ƙara a ƙofar ɗakinki yau ɗin nan.