Saniyar garke daban, ragon turke daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa. Cikin shekara uku na tara kusan naira miliyan 2 a hannun jari, rabi a Dangote Cement, rabi a MTN, ban taɓa sayar da ko ɗaya ba. Abokaina na majalisa kuwa yau su saya, jibi su sayar, kullum suna nuna mini riba a waya. Ina so in taɓa, amma ina jin tsoro. Nawa zan bari a ajiye, nawa zan riƙa juyawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda daga Funtuwa kake, ka san mai saniyar garke ba ya zuwa kara duk ranar kasuwa yana tambayar farashinta. Nono yake so da 'yan maruƙa. Mai ragon turke kuwa tun ranar da ya ɗaure shi ya san ranar rabuwarsu, kuma in Sallah ta wuce ragon na nan, dusa kawai yake ci. Hannun jarin da ka ajiye don rabon ribar shekara shi ne garken, wanda za ka juya shi ne turken.

Da ni ne da miliyan 2 ɗin nan, ga aikin koyarwa da ba zai bar ni in zauna gadin waya ba, naira 300,000 zan ware wa turke, wato kashi 15 cikin 100, sauran miliyan 1 da 700,000 su zauna a garke. Ba aya ba ce. Ma'aunina shi ne: in kuɗin nan suka salwance gaba ɗaya, zan iya barci? Za a ɗora tukunya a gida? In ka ji gabanka ya faɗi, rage zuwa 200,000.

Su ma 300,000 ɗin ba a kan kamfani ɗaya ba. Daga asara ake fara lissafi. Ka ce a ciniki ɗaya ba za ka yarda ka rasa fiye da kashi 1 na dukkan jarinka ba, wato 20,000. Sannan ka yanke tun kafin ka saya cewa in farashi ya sauka da kashi 20, ka fita. To kuɗin da kashi 20 ɗinsu ya zama 20,000 su ne 100,000. Ka ga turkenka raguna uku zai ɗauka, ba ƙari.

Me ya sa ban ce ka fita a kashi 5 ba? Saboda la'ada. In dillalinka na karɓar cikakken kasonsa, ga kuɗin hukumar SEC mai sa ido kan harkar hannun jari, da na NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, da na CSCS mai ajiye rajistar hannun jari, da haraji, shiga da fita kan lashe wajen kashi 4. A cinikin 100,000, kusan 4,000 sun tafi tun kafin a ce riba. Ka tambayi mutanen majalisa ko sun cire wannan daga abin da suke nuna maka. Ka kuma nemi su nuna maka na watan da ya gabata duka, har da waɗanda suka nutse.

Akwai wani tarkon. A NGX hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 a rana. Mutum sai ya ɗauka kariya ce. Amma ranar da mummunan labari ya fito kan ƙaramin kamfani, kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Kana kallo yau ya sauka 10, gobe 10, odarka na layi ba wanda ya taya. Shi ya sa nake matse girman ragon tun farko, don ba kullum ƙofar fita take buɗe ba.

Ni kaina na sha wannan. Farkon 2008 na sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani da niyyar sayarwa bayan mako biyu. A watan Maris ma'aunin kasuwar, wato alƙaluman da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya haura maki 66,000, daga nan ya juyo, bayan shekara ɗaya yana wajen 20,000. Da hannun jarin nawa ya fara zamewa sai na ce ai dama na dogon zango ne. Ƙarya na yi wa kaina. Har na sayar da wani mai kyau na ƙara saye, wai in rage tsadar sayen farko. Ya gangara kwabo 50, ya yi shekaru a nan ko sisin riba bai raba ba. Tun daga lokacin na kafa wa kaina doka: ribar turke tana iya shiga garke, amma kuɗin garke ba sa zuwa ceton turke. In dillalinka zai yarda ya raba maka asusun gida biyu, ya fi. In ba haka ba, littafi biyu.

Garken naka ma yana buƙatar gyara. Shanu biyu ba garke ba ne, komai ƙibarsu. Ba sai ka sayar ba. Abin da za ka riƙa ƙarawa daga albashi ka kai shi wasu fannonin, kamar abinci ko makamashi, har ya zama babu kamfanin da ya wuce kwata na jarinka. In kana kaffa-kaffa da halacci, ka duba jerin kamfanonin ma'aunin Musulunci na Lotus da ke NGX, wato kamfanonin da aka tantance sun dace da shari'a. Kuɗin haya da na makarantar yara kuwa kada su shiga ko ɗaya daga cikin biyun, don 2008 ba ta bar manyan kamfanoni ba su ma.

Sai batun zakka. Malamai da dama suna bambanta hannun jarin da aka saya don sayarwa, wanda suke ɗauka kayan kasuwanci ne, da wanda aka ajiye don rabon riba. In shekara ta zagayo, ka ɗauki littattafan nan biyu ka je wurin malaminka.