Yadda Ake Ƙara Harsuna a Fuskar Manhajar Yanar Gizo

Tambaya: Malam, na gina manhajar yanar gizo wadda duk rubutun fuskarta da Turanci yake, yanzu kuma ana so in ƙara Hausa, Faransanci da Larabci. Shin sai na yi wa kowane harshe kwafin shafukansa daban?

Amsa: Kada ka yi kwafin shafuka, domin duk gyaran da ka yi nan gaba sai ka maimaita shi sau huɗu, kuma kafin a jima shafukan za su saɓa wa juna. Abin da ya dace shi ne ka tsame duk rubutun da mai amfani yake gani daga cikin manhajar, tun daga sunayen maɓallai har saƙonnin kuskure, ka zuba su a fayil na musamman, kowane harshe da nasa. Kowace jimla za ka ba ta laƙabi guda, manhajar ta riƙa kiran laƙabin, sannan ta ɗauko jimlar daga fayil ɗin harshen da aka zaɓa. Idan da harshen kwamfuta na JavaScript kake aiki, kayan aikin fassara mai suna i18next zai ɗauke maka wannan nauyi. Django kuwa, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen kwamfuta na Python, yana zuwa da tsarinsa da ya dogara da kayan aikin fassara na gettext. Ka sanya wa fayilolin alamun da duniya ta amince da su: ha, en, fr da ar.

Inda masu gini suka fi yin tuntuɓe shi ne haɗa jimla gunduwa-gunduwa, wato a ajiye "kana da" daban, adadi daban, "saƙonni" daban, a jera su bisa tsarin Turanci. Harsuna ba su jera kalmomi iri ɗaya ba, saboda haka ka ba mai fassara cikakkiyar jimla mai gurbin da adadin zai shiga. Batun jam'i ma haka yake: Turanci siga 2 yake da ita, amma Larabci yana da 6 a ƙa'idojin CLDR, wato kundin bayanan harsuna da manhajoji ke dogaro da shi, don haka dabarar "in ɗaya ne kaza, in ba haka ba kaza" ba za ta wadatar ba. Ita Hausa tana bambanta namiji da mace wajen magana da mutum, kuma tunda manhajar ba lallai ta san jinsin mai amfani ba, gara a yi amfani da "ku" ko a ce "an adana bayanai".

Larabci daga dama yake farawa, don haka sai ka sauya alƙiblar shafin gaba ɗaya, har da kibiyoyi da jerin maɓallai. Ka kuma bar wa maɓallai sarari, domin fassarar Faransanci takan fi Turanci tsawo.

Tambaya: Na gwada Hausar, amma ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa kamar alamar tambaya ko ƙananan akwatuna. Ina matsalar take?

Amsa: Matsaloli biyu ne daban. Alamar tambaya tana nufin akwai inda ba a yi amfani da UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ke ɗauke da haruffan harsuna daban-daban, a fayil, ko a rumbun bayanai, ko a shafin kansa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwatuna kuwa suna nufin salon rubutun da ka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Ka gwada salon rubutu na Noto Sans, ka kuma duba manyan haruffan Ƙ, Ɗ da Ɓ a waya da kwamfuta kafin ka saki manhajar.