Takardar wakilci da hatimin notari ta intanet: abin da na gani da idona

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Na fahimci kina Houston, za a sayar da gidan gado a Kaduna a raba, yayanki ya ce ki turo takardar wakilci mai hatimin notari (wato jami'in da ke tabbatar da cewa ke kika sa hannu), ke kuma ga goyo ga aiki, shi ne kike tambaya ko za ki iya yi ta intanet, kuma ko za a karɓa a gida.

Yin sa ta intanet ba wuya, kuma halal ne a dokar jiharku ta Teksas. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen wanda zai karɓi takardar. Saboda haka kafin ki kashe ko sisi, ki sa Yaya ya je ya tambayi duk inda takardar za ta shiga: kotun da ke rabon gadon, lauyan mai saye, da ofishin filaye. Ya tambaye su a fili, takardar da aka sa wa hannu ta kwamfuta aka buga ta a firinta za ku karɓa, ko sai mai sa hannun biro? Amsarsu ita za ta nuna miki hanyar da za ki bi.

Ga yadda abin yake gudana, don na sha yin sa. Jihar Bajiniya ce ta fara halatta shi a 2011, Teksas ta fara aiki da tata dokar a 2018, zuwan korona a 2020 kuma ya sa kowa ya rungume shi, yanzu sama da jihohi 40 suna da dokarsa. Za ki shiga shafin ɗaya daga cikin kamfanonin da ke wannan aiki, irin su Proof ko NotaryCam, ki ɗora takardar ba tare da kin sa mata hannu ba, ki ɗauki hoton lasisin tuƙinki gaba da baya, ko fasfo. Daga nan sai tambayoyin tantancewa. A nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Tambaya 5 ce cikin minti 2, kuma sai kin ci 4. Daga tarihinki na ƙasar nan ake zaƙulo su: wane titi kika taɓa zama a cikin waɗannan, wace mota kika taɓa mallaka, wane banki ya taɓa ba ki rance. Wanda bai daɗe da zuwa ba, ko ba shi da lambar soshiyal (lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa), sau da yawa na'urar ba ta samun abin da za ta tambaye shi, sai ta rufe ƙofa. Ki tuna tsofaffin adireshinki kafin ki zauna, don minti biyun nan kamar ƙiftawar ido suke.

In kin tsallake, sai a haɗa ki da notari ta kiran bidiyo. Za ta ce ki ɗago katin kusa da fuskarki, ta tambaye ki ko kin san abin da takardar ta ƙunsa, ko akwai wanda ya tilasta miki, wani lokaci har ta tambayi wa ke cikin ɗakin. Ki sa hannu a allo tana kallo, ita ma ta sa nata da hatiminta, shi ke nan. Kuɗin yakan kama wajen dala 25. Ana naɗar hirar gaba ɗaya a ajiye, a Teksas aƙalla shekara 5. Ni wannan naɗin ya fi komai burge ni, musamman a harkar gado. In wata rana wani ya tashi ya ce ba ke kika sa hannu ba, ga fuskarki ga muryarki. Hatimin kan takarda ba ya ba da irin wannan shaida.

Duk abin da na yi na cikin Amurka ya wuce salin alin. Takardar izinin tafiya da na yi wa ɗiyata lokacin da ƙanwar babanta za ta kai ta gida hutu, da daddare na yi ta bayan na kwantar da yara, ba wanda ya ce uffan a kanta. Amma da na tura takardar wakilci wani banki a Kano a kan asusun marigayiya mahaifiyarmu, labari ya sha bamban. Ƙanena ya ce ma'aikacin ya karɓi takardar, ya shafa wurin hatimin da babban yatsansa yana neman tudun nan da hatimin ƙarfe ke bari, bai ji komai ba. Ya ɗaga ta sama wajen haske, ya ajiye, ya ce wannan kwafi ne, a kawo ta asali. Ƙanena ya yi bayani har ya gaji. Abin ya yi mini ciwo a lokacin, don kuɗin jinya da bashin da aka bari muke son biya.

Da na huce na gane cewa mutumin yana da hujja. Takardar da aka yi ta intanet, asalinta shi ne fayil ɗin da ke cikin kwamfuta. A jikinsa aka ɗaura shaidar lantarki wadda ke nuna in an taɓa ko harafi ɗaya bayan sa hannu. Da zarar an buga shi a takarda, wannan kariya ba ta biyo shi, abin da ke hannunka hoto ne kawai. Ofishin da ke da hanyar buɗe fayil ya duba, zai gamsu. Wanda kuwa aikinsa duk a jakar fayil ta kwali yake, ba shi da abin da zai dogara da shi.

Ba wai dokar Najeriya ce ta hana ba. A 2023 an yi sabuwar dokar notari wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1936, kuma ta amince da hatimin lantarki da yin aikin daga nesa ta bidiyo. A shekarar kuma aka yi wa dokar shaida gyara, ta karɓi sa hannu na lantarki da rantsuwa ta bidiyo. Sai dai doka daban, mutumin da ke zaune a bayan tebur daban. Amma wannan ya buɗe miki wata ƙofa da ya kamata ki gwada: ki tambayi lauyanku na Kaduna ko ya san notari na gida mai rajistar yin aikin ta bidiyo. A Najeriya notari lauya ne wanda Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa, sunansa yana cikin rajista a Kotun Ƙoli, don haka hatiminsa ba baƙo ba ne a ofisoshinmu. Na nan Amurka kuwa galibi ba lauyoyi ba ne, aikinsu kawai su tabbatar ke ce, kuma da yardarki kika sa hannu. Ba ruwansu da ko abin da aka rubuta zai cuce ki.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a tambayarki, wato abin da za a rubuta a cikin takardar. Kada ki sauko da wadda aka riga aka tsara daga intanet, don an yi su ne a kan dokokin nan. Lauyan Kaduna ya rubuta, ya turo miki. A ambaci gidan da unguwarsa da lambar filin da lambar takardar mallaka, a ce wakilcin na sayar da kasonki ne a wannan gida kaɗai, a sa ranar da zai ƙare, a rubuta asusun da za a zuba kuɗinki. Na san za ki ce ai Yaya ne. Allah ya ƙara zumunci, ba zarginsa nake ba. Amma takarda mai cewa "duk dukiyata" tana iya faɗawa hannun da ba nasa ba, kuma na ga gidajen da irinta ta raba 'yan uwa ciki ɗaya. Rubutu dalla-dalla shi ma kariya ne gare shi, gobe ba mai cewa ya wuce gona da iri. Ki kuma duba rubutun sunanki harafi bayan harafi. In fasfo ya ce Mohammed, takardar kotu ta ce Muhammad, ko nan kina amfani da sunan miji can kuma sunan Baba, a daidaita tun yanzu ko a haɗa da takardar rantsuwa mai bayyana cewa mutum ɗaya ce.

Wani zai ce miki ki nemi afostil, wato takardar hukuma mai tabbatar da hatimin notari don a karɓe shi a wata ƙasa. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta kafa shi, don haka shi kaɗai ba ya rufe magana. In wani ofishi ya nace sai an tabbatar da hatimin, hanyar ita ce ofishin sakataren jiha a Austin, sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancinmu a Washintan ko ƙaramin ofishi na Atlanta ko New York. Tana cin lokaci, saboda haka kada ki shige ta sai an ce lallai.

Da ni ce ke, tunda maganar gida ce kuma akwai ofishin filaye a ciki, ta biro zan yi. Bankuna da yawa a nan suna yi wa masu asusu kyauta, shagunan UPS ma suna yi a kan kuɗi kaɗan, har da ranar Asabar. Ki tafi da shaidu biyu in lauyan ya bar gurbinsu, ki sa hannu a kwafi biyu ko uku, ki ajiye ɗaya, ki aika sauran ta DHL. Ki tura wa lauyan hotonta ta WhatsApp tun kafin ki biya kuɗin aikawa, ya duba ya ce ta yi. In kuma kotu da lauyan mai saye duk sun ce sun yarda da ta intanet, to ki yi ta a daren yau, amma ki tura musu fayil ɗin kansa ta imel, kada Yaya ya kai musu bugun firinta kawai.