Amsa: Shin duk Yahudawa ne suka yarda da Sahyoniyanci tun farko?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tun asali kan Yahudawa a haɗe yake a kan kafa ƙasa tasu a Falasɗinu, wato abin da ake kira Sahyoniyanci. Ko kusa.

Abin ya taso ne daga Turai. Bayan an kashe Sarkin Rasha Alezanda na Biyu a 1881, sai aka shiga far wa unguwannin Yahudawa, ana kisa ana ƙone gidaje. Daga nan wasu suka fara cewa zama a ƙasar wani ba zai yi ba. Theodor Herzl, ɗan jarida a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya ɗauki maganar, ya kira babban taro a 1897. Abin mamaki, a Munik aka shirya yin sa, amma malaman Yahudawan Jamus da jama'arsu ta garin suka ce ba su yarda ba, dole aka kai shi Basel a Suwizalan.

Masu adawar ba ra'ayinsu ɗaya ba. Masu tsananin riƙon addini suna cewa komawa ƙasa sai Almasihu ya zo, gaggawa saɓo ne. Ƙungiyar ma'aikata ta Bund, wadda aka kafa a Bilna (birni ne a Lituwaniya ta yau) a wannan shekarar ta 1897, ta ce a nemi haƙƙi a inda ake zaune. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Edwin Montagu, Bayahude kuma minista a Ingila. Ya yaƙi Sanarwar Balfour ta 1917, wadda a cikinta gwamnatin Ingila ta goyi bayan samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, yana tsoron gobe a ce wa Yahudawan Ingila su tattara su koma "ƙasarsu".

Larabawan Falasɗinu kuwa, adawarsu ta mutanen da ke zaune a ƙasar ce, wannan zance ne mai zaman kansa.