Amsa kan tsohon injin ƙanƙara: a gyara ko a sayi sabo

Assalamu alaikum jama'ar gida. Sai yanzu na samu na saurari saƙon ƙaninmu, tun safe ina wajen aiki. To ƙanina, na ji ka. Ka ce injin kwashe ƙanƙarar da ka tarar a garejin gidan da ka saya ya ƙi tashi, ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, mai gyara kuma ya ce layi ya yi tsawo sai nan da sati uku, shin ka gyara ko ka sayi sabo. Ni dai yadda na ji muryarka, ka riga ka leƙa Home Depot ka ga wani ja mai fitila, so kake mu sa maka hannu ka je ka ce wa uwargida ai manya ne suka ce a saya. To ni ban sa ba. Tukuna dai.

Injin da ya kwana tun watan Maris da fetur a cikinsa, ai in ya tashi ma shi ne abin mamaki. Man da muke sha a gidajen mai nan Minesota kashi 10 cikin 100 itanol ne, yana jan ruwa daga iska, in ya zauna ya haura wata guda sai ya fara lalacewa, ya yi danƙo ya toshe kafireto. Duk wanda ya yi zama da janareta a Kano ya san wannan ciwon, ba sabo ba ne. A hoton da ka turo na ga an rubuta Ariens a jiki, injin kuma Tecumseh ne. To tsiyaye tsohon man kaf. Ka duba ƙarƙashin kafireto, akwai ɗan kofi, noti ɗaya ne ya riƙe shi. Kwance shi ka ɗaga notin nan sama wajen haske, za ka ga 'yan ƙananan huji a jikinsa, akwai ɗaya ma can kusa da zaren da sai ka ƙura ido. Ta nan mai ke bi. Zare siririyar waya ɗaya daga burushin ƙarfe ka zura, ka fesa maganin wanke kafireto, ka mayar. Sabon fulogi, sabon fetur, ka ja cok. In ka ga wannan wahala ce, kafireton gaba ɗaya ana samunsa a intanet dala 20 zuwa 30. Sabon injin kirki mai hawa biyu kuwa, wato mai ƙarfen murɗawa a gaba da fankar da ke cilla ƙanƙara waje, in ba ka ajiye dala 1,000 ba, kallo kawai za ka yi.

Na ji wani a nan ya ce ai Tecumseh sun rufe, babu kaya. Gaskiya ne sun daina ƙera inji tun 2009, a'a, ƙarshen 2008 ne. Amma kayan gyaransu har gobe suna nan birjik, don injinan sun yi yawa a ƙasar nan. Su kuma Ariens suna nan da ransu a Wiskonsin, maƙwabtanmu, ka ba su lambar da ke jikin injin su nemo maka bel da sauran tarkace.

Abin da zai sa in ce ka rabu da shi daban ne. Ka jingina shi ka leƙa ƙarƙashi. In tsatsa ta ci bokitin gaban nan har ta huda, musamman inda fanka ke juyawa, gishirin titi ya gama da shi, walda ba za ta riƙe ba. In ka ja igiya ka ji ta taho salalam babu nauyi, ko ya tashi yana ƙwanƙwasa yana baƙin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana shan baƙin mai, to injin ya gaji. Sai kuma 'yar giyar nan da ke tsakiyar ƙarfen gaba mai murɗawa.

Wannan giyar, hmm. Jama'a ku yi haƙuri, sai na faɗa. Akwai wani bawan Allah, ba ya cikin zauren nan, kada kowa ya fara lissafi. A sanyin 2022 zuwa 2023, shekarar da ƙanƙara ta kai inci 90 a garin nan namu na Miniyafolis, ya zo ya ari nawa. Na ba shi da tanki cike. Ya je ya haɗiye tabarmar bakin ƙofa da ƙanƙara ta binne, ƙusar kariya ta karye. To ai aikinta ke nan! Ƙusar nan da gangan aka yi ta da rauni, don in ƙarfen gaba ya ci karo da dutse ko daskararriyar jarida, ita ta karye giya ta tsira. Kuɗinta bai fi dala uku ko huɗu ba, kuma akwai guda biyu a ɗaure da salatif a hannun injin, na nuna masa da yatsana. Mutumin nan sai ya shiga garejinsa ya samo bolti mai tauri ya ɗaura, wai don kada ta sake karyewa. Ya dawo min da shi bai ce uffan ba, har da godiya da addu'a. Da aka sake zubowa na fita da asuba, na bugi shingen kankare na bakin titi, sai ji na yi ƙarrr, gaba ya tsaya cak inji na ta kuka. Da aka buɗe, haƙoran tagullar nan sun zama gari a cikin giris. Ga shi lokacin kowa na neman kaya, na koma shebur da wannan bayan nawa. Kuma da na yi masa magana, cewa ya yi ai injin dama tsoho ne. Tsoho! Har yau in mun haɗu a masallaci ran Juma'a muna gaisawa lafiya lau, amma ko sifana ce ba ta sake fita daga gidana zuwa nasa ba.

Ina nake? Yauwa, giya. Cire wayar fulogi tukuna, sannan ka kama ƙarfen gaban ka jijjiga. In ƙusoshin kariya suna nan lafiya amma yana juyawa sakaka, giyar ta tafi, kuma in ka haɗa kuɗinta da ladan mai gyara, wanda a nan awa ɗaya ma ta kusa dala 100, lissafin ya fara karkata wajen sabo. Bel, faifan robar da ke tura tayoyi, takalman gefe, wuƙar ƙasa mai kankare daɓe, waɗannan duk kayan cinyewa ne, ko sabo ka saya za ka canja su. Kada wani ya tsorata ka da su.

Wani kuma ya kawo maganar mai batir, irin su EGO. E to, ba ruwanka da fetur, ba ƙara, amma tudun nan da motar ture ƙanƙara ke bar maka a bakin gareji, mai nauyi haɗe da gishiri, kuma gidanka a kwana yake, gefe biyu za ka share... a bar wannan dai, ban taɓa riƙe shi ba, masu shi su yi bayani.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka zauna jiran sati uku. A Miniyafolis awa 24 aka ba mai gida bayan ƙanƙara ta tsaya ya share hanyar ƙafa ta gabansa, in ba ka yi ba hukumar gari ta turo a share a aiko maka da takardar biya. Kuma in ma sabon za ka saya, Nuwamba ba lokacinsa ba ne, bari sai Maris ko Afrilu da shaguna ke neman wurin ajiye injin yankan ciyawa.

Don Allah kuma abu biyu. Kada ka tayar da shi a gareji ƙofa a rufe, hayaƙin nan kisa yake ba ka ji wari ba. In bututun ya toshe, kada ka sa hannu ko da ka kashe inji, fankar tana iya zabura ta tafi da yatsu, sanda ake sawa. Ran Asabar bayan azahar in sha Allahu zan biyo da akwatin sifanu. Ka sayi galan ɗaya na fetur marar itanol ka ajiye, ka ce wa uwargida kuma shayin nan mai citta nake so.